Ba Wanda Ya Zo Fili Don Ya Kalli Alƙalin Wasa



Akwai maganar da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, kuma tun da lokacin gasannin ƙwallo na unguwanni ya sake ƙaratowa, gara in faɗe ta yanzu kafin a fara buga fosta da neman kuɗin rajista. Maganar kuwa a kan alƙalan wasanmu ce, waɗanda muke kira rafali, da yadda wasunsu suke ɗaukar usur kamar sandar sarauta.

A ranin da ya wuce na je kallon wani wasa a filin wata makarantar firamare a nan cikin gari. Ba zan faɗi sunan gasar ko ƙungiyoyin ba, waɗanda suke wurin sun san abin da nake nufi. Wasan kusa da na kusa da na ƙarshe ne, fili ya cika har kan katanga, masu sayar da ruwan leda da rake suna ta ciniki. Alƙalin matashi ne, ya sha sabuwar riga mai ruwan ɗorawa, agogo biyu a hannu, safa har gwiwa. Tun kafin a take ƙwallo na lura yadda yake tafiya a tsakiyar fili yana waige-waige, kamar ango ranar ɗaurin aure. Da aka fara, minti biyu ba sa wucewa bai busa ba. Kafaɗa ta taɓa kafaɗa, usur. An yi jifa an ɗan matsa taku ɗaya, usur, a dawo a sake. Ƙwallo ta kasa zama a ƙafar kowa, 'yan kallo suka fara guna-guni.

Bayan an dawo daga hutun rabin lokaci ya busa wa wani ɗan baya laifi. Yaron ya buɗe hannu ya ce, "Rafali, me na yi?" Ina tsaye kusa da layi, da kunnena na ji, bai ƙara ko kalma ɗaya a kai ba. Sai katin gargaɗi. Yaron ya ce, "Don Allah tambaya kawai na yi." Sai jan kati. Ya ɗaga shi sama ya riƙe ya daɗe, yana juyawa don kowane ɓangare na fili ya gani. Abin da ya biyo baya ba sai na tsawaita ba. Mutane suka kwararo cikin fili, aka fara jifa, wani yaro da bai san hawa ba bai san sauka ba aka fasa masa goshi, shi kuwa alƙalin da ƙyar wasu dattawa suka shigar da shi wani aji suka kulle ƙofa. Wasan bai ƙare ba har yau. Kofin ma, a iya sanina, yana nan a shagon wanda ya shirya gasar yana shan ƙura. Kusan wata biyu samarin unguwannin nan biyu ba sa ga-maciji, har ta kai ɗan acaɓa ya ƙi ɗaukar fasinja don ya ce unguwar su wane zai kai shi.

Kada wani ya ce ina wanke masu jifa. Zan zo kansu. Amma wutar nan da ashana ɗaya aka kunna ta, kuma ashanar tana aljihun mutumin da aka ɗauko don ya hana tashin wuta.

In muka koma tarihi za mu ga cewa ƙwallon ƙafa ta girmi alƙalinta. A farkon zamaninta a Ingila, kyaftin biyu ne suke sasanta gardama a tsakaninsu. Daga baya kowace ƙungiya ta riƙa kawo mutum ɗaya mai sa ido, su ma ba sa yanke hukunci sai an kai musu ƙara. Shi wanda ya zama rafalin yau a bakin layi yake tsayawa yana duba lokaci, sai masu sa idon nan biyu sun kasa daidaitawa sannan a juyo gare shi. Sai a shekarar 1891 aka shigar da shi tsakiyar fili aka ba shi ikon tsayar da wasa da kansa, masu sa idon kuma suka koma masu ɗaga tuta. Duk wanda ya taɓa buga ƙwallon layi da dutse biyu a matsayin raga ya san wannan matakin na farko, mun yi ta cin wasa da "wallahi ta fita" da "rantse ba ta taɓa hannunka ba", kuma a tashi lafiya. 'Yan wasa ne suka ga abin ya fi ƙarfinsu suka ɗauko mutum suka ba shi amanar wasansu. Usur ɗin aro ne.

Katin da yaron nan ya riƙa juyawa da shi kamar tutar yaƙi shi ma yana da asali. A gasar cin kofin duniya ta 1966 aka yi rikici a wasan Ingila da Ajantina, alƙali Bajamushe ya kori kyaftin ɗin Ajantina, Antonio Rattin, shi kuma ya daɗe bai fita ba, ga bambancin harshe, ga 'yan kallo da ba su san abin da ke faruwa ba. Wani tsohon alƙali Baturen Ingila mai suna Ken Aston, wanda ke kula da alƙalan gasar, shi ya samo dabarar daga fitilun ba da hannu na kan titi: ɗorawa a yi hattara, ja a tsaya. Aka fara aiki da katunan a gasar 1970 a Meziko. An ƙirƙiro kati ne don a fahimci juna a inda baki ya gaza. A filinmu kuwa alƙali da ɗan wasa Hausa ɗaya suke ji, ko turancin buroka ɗaya, amma aka zaro kati don a toshe bakin mai tambaya. Da ya ce masa, "Ka riƙe masa riga, na gani, koma wurinka," da magana ta mutu a nan.

Ga wata tambaya da nake yawan yi wa abokai a gidan kallon ƙwallo. Wa ya ci wa Najeriya ƙwallaye a wasan ƙarshe na Olamfik a 1996, ranar da muka doke Ajantina da ci 3 da 2? Nan take za ka ji ana rige-rigen amsa: Babayaro, Amokachi, Amunike. To wa ya busa wasan? Sai wuri ya yi tsit. Pierluigi Collina ne, Ba'italiyen nan mai sanƙo da manyan idanu, wanda daga baya ya busa wasan ƙarshe na kofin duniya a 2002. A wasan nan ya ba Ajantina fenareti, Crespo ya ci, muka ji haushi. A minti na ƙarshe kuma Amunike ya ci, 'yan Ajantina suka yi caa suna cewa satar gida ce, ƙwallo ta tabbata. Manyan hukunci biyu ya yanke, ɗaya ya yi mana zafi, ɗaya ya yi musu, amma bayan shekaru masu yawa abin da ya zauna a ƙwaƙwalwarmu 'yan wasa ne. Ni a wurina babu yabon da ya kai wannan ga alƙali, a tashi daga fili ana hirar wanda ya yi yanka da wanda ya ɓarar, ba wanda ya tuna launin rigarsa.

Wasu za su ce, "Malam, kai ba ka taɓa riƙe usur a filin unguwa ba. In ka yi sanyi za su hau kanka." Gaskiya ne ban taɓa riƙewa ba, kuma na yarda cewa filinmu ba wurin rago ba ne. Sai dai akwai kuskuren da muke yi na haɗa tawali'u da rauni a kwando ɗaya. Mai girman kai da matsoraci ciwonsu ɗaya, kowannensu kansa yake kallo. Na farko yana tunanin yadda za a gan shi, na biyu yana tunanin yadda zai koma gida da haƙoransa. Shi kuwa mai tawali'u ƙwallo yake kallo da ƙafafun da ke kewaye da ita, shi ya sa yake iya ba baƙi fenareti a minti na 89 a gaban magoya bayan masu gida, ba tare da ya buga ƙirji ba kuma ba tare da hannunsa ya yi rawa ba.

Ku dubi Victor Gomes na Afirka ta Kudu. A watan Afrilun 2018 ya zo Legas busa wasan Plateau United da USM Alger ta Aljeriya a gasar zakarun ƙungiyoyi ta biyu ta Afirka. Ya kai rahoto cewa an yi musu tayin dala 30,000 shi da mataimakansa kafin wasan, suka ƙi karɓa. Hukumar CAF ta bincika, ta dakatar da wani alƙalin wasa ɗan Najeriya na shekara ɗaya. Mutumin da ya san cewa wasan ba nasa ba ne shi ne ba zai sayar da shi ba, don ba a sayar da kayan amana. Amma shi wannan Gomes ɗin, a wasan ƙarshe na kofin Afirka a Yawunde a watan Fabrairun 2022, da Mohamed Salah ya dame shi da ƙorafi, sai ya miƙa masa usur da katunansa, wai ya karɓa ya busa. Duniya ta yi dariya, hoton ya zagaya wayoyi. Ni ma na yi dariya, ban ɓoye ba. Amma da na sake tunani sai na ga bai dace ba, kuma na ga illarsa da idona, don tun daga lokacin na ga alƙalai biyu a filayenmu sun kwaikwayi wannan abin, suna miƙa wa ɗan wasa usur suna jiran tafi. Gomes ya yi abinsa a filin da ke cike da jami'an tsaro. Kai da kake filin firamare, tsaronka 'yan sintiri biyu ne da sanduna, kunyata saurayi a gaban 'yan unguwarsu da budurwarsa ba ƙaramin ganganci ba ne.

Abin da ya fi wuya ga alƙali shi ne ya ce na yi kuskure. Alhali dokar wasan kanta ta buɗe masa wannan ƙofa. Dokokin ƙwallo 17 ne, ta biyar ita ce ta alƙali, kuma a cikinta an ba shi damar ya canza hukuncinsa idan ya gane ba daidai ba ne, ko idan mataimakinsa ya ankarar da shi, matuƙar ba a ci gaba da wasa ba. Waɗanda suka rubuta dokar sun san ɗan Adam suka ba usur.

Akwai wani dattijo, tsohon malamin makaranta, da ya daɗe yana busa mana wasa a nan Kuje. Na taɓa ganin ya nuna tsakiyar fili alamar an ci, magoya baya sun ɓarke da murna har sun shigo suna tsalle. Sai ya hango yaron da ke riƙe da tuta yana tsaye bai motsa ba. Yaron bai fi shekara 17 ba, tutar ma tsohuwar riga ce aka ɗaura a kara. Malam ya taka har bakin layi ya sunkuya ya saurare shi. Ashe ragar ta yage a gefe, ƙwallon ta waje ta shiga. Ya je ya duba ramin da hannunsa, ya kira kyaftin biyu, ya nuna musu, ya ce, "Ni na yi kuskure, ban gani daidai ba, yaron nan ya fi ni kusa. Bugun gola ne." An yi hayaniya, an yi zage-zage kaɗan daga nesa, amma ba wanda ya ɗauki dutse. Wanda aka soke wa ƙwallon ma daga baya dariya ya yi, don ya fi kowa sanin ta inda ta bi. Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne. Tun daga ranar, in Malam ya ce fenareti ne, ko ba ka so sai ka haɗiye, don ka san mutumin da ya iya ƙaryata kansa a gaban jama'a ba zai ƙaryata idonsa don wani ba.

Manya ma suna faɗawa wannan ramin. Graham Poll na Ingila, wanda ake yi wa kallon zai iya busa wasan ƙarshe na kofin duniya a 2006, ya ba ɗan wasan Kuroshiya ɗaya, Simunic, katin gargaɗi har sau uku a wasansu da Ostareliya kafin ya kore shi. Ya amsa cewa laifinsa ne, ya ajiye busa manyan gasannin ƙasashe. Howard Webb ya fito daga baya ya ce ya kamata ya ba De Jong jan kati kan dukan da ya kai wa Xabi Alonso a ƙirji a wasan ƙarshe na 2010. Sai kuma Janny Sikazwe na Zambiya, a wasan Mali da Tunisiya a watan Janairun 2022, wanda ya busa tashi a minti na 85, aka ankarar da shi aka ci gaba, ya sake busawa kafin minti 90 su cika. Daga baya aka bayyana cewa zafin rana ne ya buge shi har aka kai shi asibiti. Ban ga abin dariya a rashin lafiya ba. Abin da na ɗauka a ciki shi ne, akwai alƙali na huɗu a bakin layi da aka tanada domin irin wannan ranar, kuma cewa "ba zan iya ci gaba ba, karɓi usur" shi ma aikin alƙali ne. Mu da muke fara wasa ƙarfe huɗu a zafin watan Maris, wani alƙalin ma ya busa wasa biyu a jere don a haɗa masa kuɗin, ya kamata wannan ya tsaya mana a rai.

To, yanzu kanmu. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Da wane ido za mu nemi tawali'u daga mutumin da muke zagin uwarsa tun kafin ya busa usur na farko? Yawancin girman kan da muke gani a wurin samarin alƙalai sulke ne. Yaro ya ga yadda aka yi wa na gabansa, sai ya shigo da fuska a murtuke da kati a hannu don a ji tsoronsa tun da wuri. Kuma ba a filin unguwa kaɗai muke da wannan hali ba. Masu bin gasar Firimiyar Najeriya sun tuna abin da ya faru a filin Agege a Legas a 2019, bayan wasan Kano Pillars da Enugu Rangers, lokacin da magoya baya suka afka cikin fili suka bi alƙali, aka ci tarar ƙungiyar, aka dakatar da kyaftin ɗinta Rabi'u Ali. Ni mai son Pillars ne tun ina yaro, kuma ranar na ji kunya. Sannan da aka fitar da jerin alƙalan da za su busa kofin Afirka da aka yi a Kodibuwa a farkon 2024, babu ɗan Najeriya ko ɗaya a ciki, muka hau intanet muna kuka an raina mu. Ƙasar da alƙali ke koyon sana'arsa da ido ɗaya a kan ƙwallo, ɗaya a kan hanyar gudu, yaya za ta fitar da wanda Afirka za ta amince da shi?

Akwai kuma masu shirya gasa. Sau nawa muka ga wanda ya sa kofi shi ne mai ɗaya daga cikin ƙungiyoyin, shi ne zai ɗauko alƙali, shi ne zai biya shi, kuma sai bayan an tashi wasa? Wani lokaci kuɗin ma bai wuce na acaɓa da lemo ba, shi ma sai an yi ta "ka zo gobe". In gasar ɗan siyasa ce kuwa, alƙali ya san unguwar da mai gida yake neman ƙuri'a. Ka sa mutum a wannan hali sannan ka ce ya yi adalci, ai ka ɗaure shi ne ka ce ya yi tsere. Abin da nake roƙon ƙungiyarmu da duk mai shirin sa kofi a bana shi ne a ware kuɗin alƙalai daga kuɗin rajista tun farko, a damƙa wa wani dattijo da ba shi da ƙungiya, a biya su kafin su shiga fili. A nemi waɗanda suka yi kwas suka sami shaida daga ƙungiyar alƙalan wasa, in an rasa a haɗa sabo da tsoho. Kuma a ɗauki tsarin nan da aka yi amfani da shi a gasar ƙasashen Turai ta 2024, cewa kyaftin kaɗai ke zuwa wurin alƙali neman bayani. Sai dai tsarin igiya ce mai baki biyu: in an hana mutum goma magana, to wajibi ne alƙali ya saurari na goma sha ɗayan ya ba shi amsa kamar mutum.

Dalilin da ya sa na damu da wannan magana ya wuce ƙwallo. Kuje gari ne da ya tara Gade da Gbagyi da Bassa da Hausa da Fulani da Ibo da Yarbawa da sauran jama'a, masallaci da coci suna kallon juna. In ƙungiya ta taso daga Rubochi ko Gaube ko Chibiri ko Pegi ta zo cikin gari wasa, ba 'yan wasa goma sha ɗaya kaɗai suka zo ba, sunan garinsu suka ɗauko. A irin wannan wuri, kuskuren alƙali ba ya zama kuskure kawai. Kafin magariba an fassara shi, an ce don yaron ba ɗan ƙabilarsa ba ne, ko don ba addininsu ɗaya ba. Alƙalin da ya tsaya ya yi bayani da kalma biyar ya toshe wannan fassarar. Wanda ya juya baya ya ɗaga kati ya bar wa 'yan tsegumi su cike gurbin, kuma sun iya. Filin ƙwallo yana cikin wurare kaɗan da suka rage inda samarinmu na kowane ɓangare suke haɗuwa su yi gumi tare. In muka bari ya lalace ban san inda za mu sake haɗa su ba.

Ko a gidan dambe, wanda ya taɓa zuwa Dei-Dei ya gani. Mai raba 'yan dambe ba ya shiga tsakani sai an rungume ko an kai ƙasa, makaɗa ba sa yi masa kirari, ba wanda ke yi masa liƙi, amma da zarar ya sa hannu, ƙato mai ji da ƙarfi sai ya ja da baya. Ba ƙarfinsa ake tsoro ba, an dai san ba shi da ɗan dambe a cikin biyun.

Shi kuwa matashin nan mai riga ruwan ɗorawa, na haɗu da shi kwanan baya a kasuwar Kuje. Na gane shi, shi ma ya gane ina cikin waɗanda suka tare ƙofar ajin ranar. Muka gaisa, ya ce ya rataye usur, mahaifiyarsa ta ce in ya sake shiga fili ba da yawunta ba. Na tambaye shi me ya sa ya kori yaron nan. Ya yi shiru, ya ce wani ne ya gaya masa tun kafin wasa cewa 'yan unguwar nan sun raina shi, in bai nuna musu da wuri ba za su mayar da shi abin wasa. Na ce masa Malam yana neman mai riƙe masa tuta a gasar bana, ko zai zo ya tsaya a bakin layi kaka ɗaya ya ga yadda tsohon yake yi. Ya ce riƙe tuta bayan ya riƙe usur, ai mutane za su yi masa dariya. Na ce za su yi, na kwana biyu. Ya karɓi lambar Malam ya ce zai yi shawara da mahaifiyarsa.